Lu Reh, Mai Kafa Raga a Ƙofar Makoki

Ƙarfe uku na yamma Lu Reh yake fitowa daga kamfanin nama, yatsunsa a sanƙare saboda sanyin ɗakin yanka. Ba ya wucewa gida. Sai ya zauna cikin tsohuwar motarsa ya duba waya, ya ga wane ƙauye jiragen soja suka faɗa wa a can ƙasarmu ta Karenni, sannan ya auna ɗan wa ke nan birnin Omaha, inda muke gudun hijira, daga ƙauyen. A bayan motar akwai raga, da sanduna biyu da aka dasa cikin tayoyi cike da siminti, da saƙaƙƙen ƙwallonmu na gora da ake tsallakar da shi raga da ƙafa.

A gida, idan aka yi mutuwa, maza ba sa lallashi da baki. Zuwa suke su zauna, ana karta, ana tauna goronmu mai rina haƙora, har a binne gawa, don kada mai rashi ya kwana shi kaɗai. A nan babu gawa. Saƙo ne a waya, sai mutum ya koma layin yanka. Haka wani saurayinmu ya rataye kansa bayan labarin rasuwar mahaifinsa, ba a gane ba sai da kamfani ya neme shi. Lu Reh ne ya sauko da shi. Tun ranar ya fara kai raga ƙofar duk wanda mutuwa ta samu.

An zage shi a kai. Ranar da bam ya kashe matar Maw Reh da 'yarsa, waɗanda yake ta haɗa takardun ɗauko su, Lu Reh ya kafa raga a wurin ajiye motoci, daidai tagar ɗakin Maw Reh. Tsohuwa Baw Meh ta fito da zafi.

"Kai Lu Reh, furfurarka ta banza ce? Mutum na kuka kuna tsalle kamar birai?"

"Inna, to ki hau ki zauna da shi."

"Ai ya ƙi buɗe min."

"Mu ma ya ƙi. Shi ya sa muke nan. In kin tashi taimako, dafa mana shinkafa."

Ta dafa kuwa, tana mita.

Maw Reh bai sauko ba. Labulensa bai ko motsa ba. Lu Reh ya tsara abin yadda kamfani ya tsara mu: masu aikin dare su buga da safe, masu aikin safe su karɓa da yamma, shi kuma ya kwana a mota. Mai gidajen ya kira 'yan sanda, Lu Reh ya ba su haƙuri da guntun Turancinsa, ya ja ragar gefe kaɗan. Aka ci gaba. Kuma ya hana a rage murya.

"Ku yi ihu!" in ji shi. "Kai mai ƙafar agwagwa, haka ubanka ya koya maka duka? Zagi wani mana, a ji ka daga sama!"

Mako ya zagayo, maza suka fara gajiya. Sai wata yamma Maw Reh ya buɗe taga.

"Kawu, don Allah ku tafi gidajenku."

"Sai mun gama wannan zagayen."

"Jiya ma haka na ji ka ce musu."

"Laifin waɗannan ragwayen ne, sun kasa cinye mu."

Can sai ga shi ya sauko, ya rame, yana warin giya. Bai buga ba. Ya zauna kan taya yana kallo.

Sai bara Maw Reh ya faɗi abin da ke cikin ɗakin, a gaban mutane, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce igiya na ɗaure tun ranar farko. Kullum yana cewa bari baƙin nan su watse tukuna, don abin kunya ne mutum ya mutu baƙi na ƙofarsa ba a sallame su ba. "To suka ƙi watsewa," in ji shi. Ba wanda ya yi dariya.

Kai ne ka san mu, Lu Reh. Ka san namijinmu zai iya raina ransa amma ba zai wulaƙanta baƙo ba, da wannan ka riƙe shi. Ba kowa ka ceta ba. Akwai ƙofofi biyu da ka isa a makare, kuma har yau ba ka bin titunansu.

Yanzu bayan Lu Reh ya ƙi, likita ya hana shi ɗaga taya, 'yarsa za ta tafi da shi wata jihar. Mun gode, Kawu. Mun gode da barcin da ka yi a mota cikin sanyi.

Ku kuma samari, jiragen ba su daina ba. Maw Reh yana raye, yana zuwa aiki, amma bai warke ba, kuma watan da iyalinsa suka rasu yana tafe. Ɗakinsa na hawa na biyu ne. Ku raba kwanakin wasan tun yanzu.