Sunan da Ban Mayar Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Yusha'u marini, wanda duk unguwarmu a Kano aka fi sani da Bature. Na san abin da addini ya koyar, a ambaci mamaci da alheri. Duk shekara nakan yi masa addu'a, in ba da sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. A watan jiya matata ta haifa mini ɗa namiji a nan Dubai, bayan 'ya'ya mata huɗu, kuma tun ranar haihuwar 'yan'uwa suka shiga bugo waya daga gida, kowa da magana ɗaya: a mayar da sunan Baba.

Matasan yanzu ba su san dalilin laƙabin nan ba. Ina ƙarami wasu irin Turawa suka fara ratso Sahara suna sauka Kano a cikin tsofaffin motoci masu zanen furanni. Hipi ake ce musu. Maza da mata duk gashi har gadon baya, ƙafa ba takalmi, wanka sai an tuna. An ce a ƙasarsu sun yi wa iyayensu bore ne, sun ƙi zuwa yaƙi, sun ƙi aikin ofis, wai duniya ta zauna a kan ƙauna kawai. Marinarmu suka fi so. Sai su tsuguna a bakin ramukan rini na karofi wuni guda suna kallon yadda ake tsoma zane a ruwan baba, suna kaɗa kai kamar sun ga abin da ba a taɓa yi ba.

Ba zan zalunce su ba. Su ne Turawan farko da na ga sun sa hannu a kwano ɗaya da marina, kuma ƙin yaƙi ba laifi ba ne. Iyakar alherin da na sani ke nan. Sauran kuwa hayaƙin wiwi ne da surutun banza, kuma a cikinsa Baba ya faɗa tsundum. Ya ɗan taɓa boko, yana jin Turanci, shi ya zama tafintansu. Daga tafinta ya koma aboki, ya bar aski, ya fara cewa ƙasa ba ta kowa ba ce. Ramukan rini uku da ya gada tun daga kakansa, ya ce duk mai so ya yi aiki a ciki, shi ya 'yantu daga mallaka. Wata safiya, ina ɗan shekara shida, ya shiga motarsu ya ce wa Inna, mahaifiyata, wata uku zai yi. Shekara tara ya yi.

Abin da bai gane ba, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Yawancin waɗannan yara suna da gidan komawa. Da ƙwaya ta fara kashe wasu, yayin ya wuce, sai suka yi aski, suka sa kwat, suka shige ofisoshin da suke zagi jiya. Baba ya dawo mana da tari, da jita marar tsirkiya, da jakar tsummokara. Ramukansa biyu wasu sun gaje su da ƙarfin zama, na ukun an cika shi da shara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A shekarun nan tara, Kawu Iliya, ƙanin Inna, shi ya riƙe mu. Mabugi ne, tun asuba yake dukan shadda har kafaɗarsa ta karkace. Shi ne wanda Baba yake yi wa ba'a a da, wai bawan duniya. Ranar da Baba ya dawo, Kawu ya tambaye shi inda ya shiga. Ya ce, "Na je neman kaina ne." Kawu ya ce, "To, ka samo shi?" Baba ya yi murmushin nan nasa mai sanyi da ke sa mutane su kasa fushi da shi. Ya ƙara shekaru masu yawa a zaure, ba ya faɗa da kowa, yara na son labaransa. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce wa Inna ta yi haƙuri ba.

Yau ina aikin kargo a unguwar Al Ras, ina loda wa 'yan kasuwarmu kaya. Kwanaki aka kawo dila-dila na riguna masu rinin ɗauri, kala-kala, da tambarin zaman lafiyar nan na 'yan hipi a ƙirji. Inji ne ya buga su a masana'anta, kuma Kano za a kai su, garin da aka san rini tun kafin a haifi kakannin masu injin. A manyan kantunan Dubai kuma wando yagagge ya fi lafiyayye tsada. Na tsaya ina tunanin me Baba zai ce da ya ga boren da ya bar mu dominsa an naɗe shi a leda ana sayarwa. Ina jin dariya zai yi, ya ce duk ɗaya ne. Wannan dariyar ce har yau take ƙona mini rai.

Saboda korona, mu shida muka taru a ɗan gidan da nake haya a Abu Hail ranar suna, Inna tana kallo ta waya daga Kano. Kafin a fara, abokin aikina Alhaji Sabo ya ja ni gefe. "Yalla, Nasiru, khalas, ya isa haka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sa sunan tsoho kawai a wuce wurin." Na ce na ji. Da malamin da zai raɗa suna ya matso da kunnensa, sai na ce Iliyasu.

Aka shafa fatiha, aka raba dabino, baƙi suka watse. Na ɗauki wayar ina jiran Inna ta sa mini albarka, don a ganina hakkinta na ƙwato. Ita aka bari da yara uku, ita ta yi ta dakau har tafin hannunta ya yi kanta. Ta daɗe tana kallon jaririn. Ta ce, "Allah ya raya Iliya, ya cancanta." Sai ta gyara mayafinta ta ƙara da cewa, "Ni dai na so a ce na samu mai sunan Malam wanda in na kira shi zai zo."

Shekara arba'in da wani abu ina riƙe da fushin nan a madadinta, ban taɓa tambayarta ko tana so a riƙe mata ba.

Ra'ayina game da 'yan hipi bai canza ba. Sun zo da wasan 'ya'yan gata, sun koma gida lafiya, sun bar mu da ɓarnar, kuma ban yi nadamar karrama Kawu ba. Amma in an tambaye ni abin da ya saura na Malam Yusha'u, ba rini ba ne, don ko ɗaurin zane ɗaya bai koya mini ba. Ba suna ba ne, don ni da bakina na hana. Abin da ya saura tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da ɗoriya da har yanzu take jin nauyin faɗin sunansa, kuma ni ne na hana ta abu guda da ta taɓa so daga wurina a kansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Ni ma ya gafarta mini.