Na Ce Wa Waya Aikin Ofis Nake Yi

A lokacin ni ɗan dako ne a bakin ruwan Yauri. Aikina sauke buhunan albasa da shinkafa daga jiragen da ke zuwa daga ƙauyukan tsallake, in haura da su tudu har inda motoci suke jira. Allah ya ba ni jiki, ya kuma ba ni ci. Da rana sai na tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa da miyar kifi, kuma ban taɓa jin jikina ya yi mini nauyi ba. Masu jirgi ni suke fara nema, domin a kan katakon da ake gittawa tsakanin jirgi da gaɓa ƙafata ba ta rawa. Da wannan ƙarfin nake ciyar da gidana, ba ni da gona, ba ni da wata sana'a.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi boko, yana aikin ofis a Yelwa. Tun muna yara shi ake yabo, ni kuwa a aike ni. Da ya ajiye tumbi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a raina, na ce ga abu ɗaya da na fi shi. Sai kawai ya sauke tumbin nan. Ranar sunan ɗiyar ƙanwarmu a Wara ya shigo cikin shadda, ciki a shafe, Inna tana ta cewa ɗanta ya koma saurayi. Na ji shi yana yi wa mutane bayanin wata manhaja a waya mai ƙirga masa kalori, wato ƙarfin da ke cikin duk abin da ya ci. A hanyar dawowa matata ta ce kayan sun zauna masa, ta dube ni tana dariya ta ce in je in koyi sirrin. Wasa take yi, na sani, amma ƙyashi ya cika mini ciki har na kasa cin abincin dare.

In tambaye shi? Allah ya kiyaye. Na sa kaftanina na Juma'a, na tafi wani shagon waya cikin gari inda ba a san ni ba, na ce a sa mini manhajar. Mai shagon yana karanto tambayoyin ina amsawa, shekaru, tsawo, nauyi. Sai ya ce tana son sanin irin aikina, na zama ne ko na ƙarfi. Akwai wasu samari masu ƙamshin turare a kan benci suna saurare. Bakina ya kasa furta dako. Na ce aikin ofis nake yi. Nan take wayar ta yanka mini abincin mutumin da ke wuni a kan kujera, ni kuma don in wuce ƙanina na riƙa cin ƙasa da abin da ta ce.

Malmala uku ta koma ɗaya. Mai tuwo ta tambaye ni ko ciwo nake, na ce ta zuba abin da na ce kawai. Wandona ya fara zamewa, ina murna, alhali idona na yin duhu in na miƙe. A gida na zama masifaffe, abu kaɗan in hau matata da faɗa. Ƙanina ya zo gaishe ni, ya ga yadda na zube, ya hango manhajar a wayata, ya ce Yaya, abincin mai zama ba zai riƙe mai ɗaukar kaya ba, in ba shi wayar ya gyara. Ni kuwa abin da na ji shi ne ba ya son in kamo shi. Na ce ya kula da ofishinsa.

Wata ranar kasuwa, da koko kawai a cikina, na ɗauko buhun albasa na hau katako. Ina tsakiya na ji duniya ta juya. Na faɗi, ƙuguna ya bugi bakin jirgi, buhun ya biyo ni. Wannan ƙanin nawa shi ya kai ni asibiti, shi ya yi jinyata. Ma'aikaciyar lafiya da ta ji abin da nake ci da abin da nake ɗauka ta ce wayar ba ta yi kuskure ba, abin da aka gaya mata ta lissafa. Na juya fuskata bango don kunya.

Abin da na koya shi ne jiki ya san aikin da yake yi ko da baki ya ɓoye. Masu dako, masu tuƙa kwalekwale, masu noma, in za ku rage ƙiba ku faɗi gaskiyar aikinku, ku nemi ma'aikacin lafiya, kada ku auna tuwonku da na wani saboda an yabe shi. Ni na warke, ina tafiya, amma an hana ni ɗaukar nauyi har abada. Ina zuwa bakin ruwa wani lokaci in ga abokai. In an taho da buhu, sai a ce mini in matsa gefe, in kuwa matsa.