Zargin da Ya Hana Ni Zuwa Sunan Ɗana

A lokacin ni manomin albasa ne a Danchadi, ta wajen Bodinga, shekarata tara da aure ba mu samu haihuwa ba. Matata 'yar Shagari ce. Duk maganin da aka samo ita ake ɗura wa, ni kuwa ban taɓa kawowa a raina cewa matsalar daga gare ni take ba. Yayanta ne ya ba mu shawarar zuwa wani asibiti a birni, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan a dasa mata a mahaifa.

Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da mu. Ya ce ita lafiyarta ƙalau, ƙwayoyin maniyyina ne ba su da yawa, kuma akasarinsu ba sa motsi yadda ya kamata. Ya tambaye ni ko ina shan taba, ko ina feshin maganin ƙwari ba tare da rufe jiki ba. Duk ina yi. Sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wa ya gaya masa. Na dubi matata, ta sunkuyar da kai, nan take na yanke cewa ita da yayanta suka shirya da likitan don a wanke ta.

A karon farko an ciro mata ƙwai bakwai, ko ɗaya bai haɗu ba. Likita ya ce in bar taba, in nisanci feshi wata uku, sannan a karo na biyu za su zaɓo ƙwaya mai lafiya daga cikin nawa su cusa ta cikin kowane ƙwai da siririyar allura. Na bi, ba don na yarda ba. Ciki kuwa ya shiga.

Maimakon murna sai wasuwasi ya kama ni. Mutumin da aka ce ƙwayoyinsa ba sa motsi, ta yaya? Ban shiga ɗakin gwajin ba, ban ga abin da aka haɗa ba. Ko wayar asibiti ta amsa sai in kasa kunne. Ran nan na tambaye ta kai tsaye ko maniyyin wani namiji aka sa mata, kuma da saninta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, shekara tara ina shan ɗaci dominka, wanga shi ne tukwicina?" Washegari ta hau mota sai Shagari.

A can ta haifi ɗa namiji. Ban je suna ba. Bayan wata huɗu na je na durƙusa gaban mahaifinta, na roƙi a yi gwajin jini don a tabbatar ko ɗana ne. Baba ya amince, amma ya ce ko me gwajin ya nuna, ita za ta zaɓi komawa ko zama. Sakamako ya fito, yaro nawa ne.

Har yau ba ta dawo ba. Duk Juma'a nakan je in ɗauki ɗana a zaure, ita kuma ta gaishe ni daga bayan labule.

'Yan'uwana maza, raunin maniyyi lalura ce, kuma ana neman magani. In ba ku gane bayanin likita ba, ku sake tambayarsa tun kuna gabansa, kada ku kai shakkarku gida ku sauke ta kan matar da ta yi haƙuri da ku. Takardar gwaji ta tabbatar mini da ɗana, amma ba ta goge tambayar da na yi wa uwarsa ba.