Takardar Sirbeyan da 'Yar Farina

A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba, in an yi masa ba daidai ba sai ta kau da kai. Haka uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi wa tawa. Tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta, uwar mijina, take kwana. In ina son ruwa sai in ce, "A miƙo mini moɗa," ita kuma ta san da ita ake.

Da ta samu shiga kwaleji, babanta ya kai ta Magariya gidan yayarsa, don ƙauyenmu da ke bayan Dogo-Dogo ƙaramar lakwal, wato firamare, kaɗai gare mu. Gwaggon tata ƙosai take sayarwa da safe a ƙofar gida. Ranar tafiyar na ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, na ba kakar ta ba ta.

Wata huɗu da tafiyarta direban motar kasuwa ya kawo takarda da Faransanci. Ni aji uku na tsaya, sai na kai wa mushe, malamin lakwal ɗinmu. Ya ce sirbeyan ne, wato mai lura da zuwa da ladabin 'yan kwaleji, yake son ganin uba ko uwa. An riga an ba da irinta biyu a gidan da take zaune, ba wanda ya je. In wannan ma ba a je ba, za a kore ta.

Babanta yana ci-rani a Kano. A salula ya ce, "Ke ki je mana." Kakar kuwa gwiwa ta hana ta hawa mota. Takardar na naɗe ta a ƙyalle na sa a ƙasan kwalla tare da takardun haihuwa, don a sanina takardar hukuma ba a yawo da ita.

Da hantsi na isa, da goyona. Na tarar an buga ƙarfen hutu, wani ƙarfen ƙafar mota ne rataye a bishiyar dogon yaro. Azuzuwa wasu na siminti, wasu na zana. Yara sun yi cincirindo wurin masu awara da rogo. Wasu 'yan mata uku suna tsintar leda a fili, mai gadi ya ce horon makara ne. Na duba ƙafafunsu, babu nata.

Sirbeyan mutum ne siriri mai furfura a gemu, da babban littafi a gabansa. Wata madam tana gefe tana duba takardu.

"Ina takardar?"

"Tana gida, Mushe. Na adana ta."

"To, sunan yarinyar?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Wata doguwa ce, mai wushirya."

"Baiwar Allah, dogaye masu wushirya in na tara miki su sai su cika motar da ta kawo ki."

Madam ta ɗago kai ta dube ni. "'Yar fari ce ko?"

Na ɗaga kai. Sirbeyan ya ce, "Kayya! Kun dame mu, ku da kunyarku. Shekaranjiya wani dattijo haka ya shanya ni." Ya tambayi garinmu, ya buɗe littafin yana karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan nata na gyara goyo. Ya ce, "To, mun same ta."

Ya juyo mini da littafin. Ban iya karanta rubutun ba, amma na ga layinta cike da jan biro, na sauran kuwa fari fat. Ya ce ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, wanda ya makara ba ya shiga darasin farko. Ita kusan kullum sai tara. Darasin farkon kuwa lissafi ne. In ta shiga ma gyangyaɗi take. Ya ce kanta yana ja, amma doka doka ce.

Aka kirawo ta. Ta durƙusa ta gaishe su, ni ta gaishe ni tana kallon bango. Ya tambaye ta dalili sau uku tana sunkuye da kai, sai ya juyo gare ni.

"Ke uwarta, tambaye ta."

Ban taɓa tambayarta ko lafiyar jikinta ba. Sai na tsaya ina kallonta, abin da na jima ban yi ba. Ta ƙara tsawo, wuyanta ya rame. A gefen hijabinta akwai busasshen ƙullu fari. Bayan hannunta tabon fantsamar mai, sababbi da tsofaffi. Na san wake, na san layin injin niƙa da safe.

Na ce wa madam, "A tambaye ta ƙarfe nawa take dawowa daga inji."

Sirbeyan ya ce, "Ga ta nan gabanki fa!"

Yarinyar ta amsa wa madam. Ta ce in layi ya yi tsawo sai bakwai ta wuce, sannan ta buga ƙullu, ta tsaya kan kasko kafin Gwaggo ta gama lazimi.

Ya rufe littafin. Ya ce zai jira sati biyu ya gani. Ya ce gyaran ba a ofishinsa yake ba, na san inda yake.

Na san inda yake. Tafiyar ba nisa, amma sau biyu ina tsayawa a inuwa kamar mai gyaran zane. Yayar miji uwa ce. Ita ta riƙe yarinyar, ita take ci da ita. Kuma ba a taɓa jin mace ta je gidan dangin miji neman wa 'yar farinta sauƙi ba.

Ta tare ni da fara'a. "Lale lale, matarmu! Yau wace rana?" Ta kawo fura, ta karɓi jaririn tana yi masa rawa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi kowa da kowa har awaki. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Yaya, daga lakwal nake."

"Ai ƙyale su. Kullum takarda, kamar su kaɗai ke da aiki."

"Sun ce za su kore ta. Niƙan safen nan ne, Yaya."

Ta daina rawar. "Wa za a kora?"

"Yarinyar."

"Wace yarinya? Au, ashe kina da 'ya! Tun yaushe? Mu da muka haifi goma ba mu san haka ba. Ke ba ki daka da asuba a gidan ubanki? Ko ita ƙwai ce?"

"Na yi, Yaya. Shi ya sa na tsaya aji uku."

Maƙwabta biyu sun leƙo ta katanga. Na ci gaba. Na ce duk aikin yamma ta yi, wanki da ɗiban ruwa da gyaran wake, ran Asabar da Lahadi ma ta je injin. Safiyar lakwal kaɗai nake roƙo.

Ta miƙo mini jaririn. "Na ji. Allah ya ba mu kunya."

Ba ta raka ni ko zaure ba.

Sati biyu suka wuce, takarda ba ta zo ba. Daga baya direban ya ce yana ganin Gwaggon da kanta a layin inji, da bokiti, tana ba mata labarina. Labarin ya riga ni zuwa kowane biki. Har yanzu in na shiga taro akwai mai cewa, "A ba mai 'ya wuri." Kakar yarinyar ta yi wata guda tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Bana yarinyar tana aji na uku a kwalejin. Lissafin dai har yau da ƙyar take haye shi.