Ranar da Yaya Haruna ya sa na kwance allonsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma har yau idan rani ya yi, kogin Ubangi ya ja baya, tunaninsa nake fara yi.

Mu 'yan unguwar Kilomita Biyar 'yan kasuwa ne kaka da kakanni. Shi kaɗai ya bar kantin babanmu na Titin Koudoukou ya kama aikin alamun kogi, yana shafa farin fenti a allunan da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. A majalisa Sarkin Ruwa ake ce masa, a kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba, kuma shekara ashirin ban taɓa bin sa ba.

Sai da yanar ido ta rufe masa gani, ya bar aiki, sannan ya ce in raka shi tsohuwar hasumiyar fitilar da Turawa suka bari a gefen kogi. Fitilar ta mutu tuntuni, amma allon da ke samanta aikin hannunsa ne. So yake ya san ko har yanzu allon na nuna hanya.

Na fito da babbar riga da takalmin fata kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kwale-kwale ya sauke mu a bakin yashi, kafin taku ɗari takalmi ya koma hannu, riga ta koma kafaɗa. A garin nan aka haife ni, amma ban san akwai irin wannan wuri a bayan gidanmu ba. Tuddan yashi ne fari fat, wani na bin wani, iska ta yi musu zane kamar an bi da tsintsiya. Ni ke riƙe da hannunsa, amma shi ke jan mu. Da ya ji kukan wasu tsuntsaye a kanmu sai ya ce mu karkata hagu, ƙwansu na gaba. Na duba, ga ƙwan nan kuwa a fili, launinsu ɗaya da yashin.

Muka iso hasumiyar, ƙarfe duk tsatsa, tana tsaye a tsakiyar busasshen tudu. Ruwa ya yi nisa da ita.

“Bala, ruwa na gindinta?”

Tausayi ya kama ni. Na ce, “Yana nan kusa, Yaya.”

Ya tona yashin da ɗan yatsan ƙafa, ya taɓo saiwar ciyawa. “Kada ka yi mini ƙarya. Kogi ya sake hanya. Idan damina ta rufe tudun nan, mai jirgi zai hango allon ya nufo shi da mutane cike.” Ya zaro sufana daga aljihu ya miƙo mini. Ashe da ita ya baro gida.

Na hau tsani. Daga sama na ga kogin yana lanƙwasa har inda ido ya gaza, ga dajin Kwango a ƙetare, ga yayana ɗan mitsitsi a ƙasa, fuskarsa a ɗage. Na yi tasbihi, na kwance allon na sauko da shi. Ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu. Washegari ya sa na kai shi tsohon ofishinsu ya faɗa musu.

Yau jiragen katako na wucewa maƙil da fasinja da buhunan rogo, kowane direba da waya a kunne. Na tabbata da yana raye zai tsayar da su ya tambaya ko wayar ta san inda yashi ya koma bana.

Bai bar gida ba, bai bar kanti ba, alamunsa ma duk an sake su. Abin da ya rage a wurina shi ne na ga mutumin da ya fi son a cire aikin hannunsa da a ce ya ɓatar da wani. Damina ta rufe tudun nan sau da yawa tun lokacin, ban taɓa jin jirgi ya kafe a kansa ba. Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya yafe mini dariyar da na yi masa.