Mudathir Ya Yanke Gaisuwa

Shekara goma sha ɗaya yayana Mudathir ya yi a kamfanin ruwan leda da ke hanyar Inkil. Manajansu ya koya musu cewa kullum a nemo abu ɗaya mai cin lokaci a cire shi. Kamfani ya ci riba. Mudathir kuwa ya kwaso darasin ya kawo gida, wai zai gyara kansa.

Da farko mun yaba, don ya bar sigari, ya daina makara. Sai ya waiwayo kan gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, duk ya yanke. Gidan makoki ma a tsaye yake ta'aziyya, ko babur ɗinsa ba ya kashewa.

Bara mahaifiyarmu ta rasu. Ya shimfiɗa tabarmi takwas a ƙofar gida. Maza suka zo, amma ba wanda ya cire takalmi. Sai su ce Allah ya jiƙanta, su juya.

Rana ta uku ya shigo ya same ni. "Humaira, me ya sami mutane?"

Na ce, "Yaya, darasinka suka koya. Kai ne mai cin lokacin da suka cire."