Ƙanƙarar Da Ba Ta Ɗaukewa

Asuba ta ranar Alhamis a kan titi ta ƙarasa waye mana. Muna idar da salla a unguwarmu ta Cheetham Hill a Manchester muka shiga mota, ni da wani maƙwabcina injiniya, muka kama hanyar Birmingham zuwa jana'izar aminina. Masu ta tambayata a nan me ya sa na yi shiru kwana biyu, ga dalilin. Ku yi haƙuri, labarin yau ba irin wanda kuka saba ji daga wurina ba ne.

Marigayin likita ne, a unguwar Erdington ta Birmingham yake zaune da iyalinsa. Layinmu ɗaya a Kano, tare muka yi firamare, a kwano ɗaya muka ci tuwon mahaifiyarsa har muka girma. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi farat ɗaya a wurin aiki. Kun dai san ƙasar nan, ba a mutuwa da safe a rufe mutum da la'asar. Sai an yi bincike, sai takarda ta fito. Wannan jiran ya ci wa mahaifiyarsa rai ba kaɗan ba. Kullum sai Inna ta kira ni daga Kano tana tambayar laifin me ya yi aka bar shi a ɗakin sanyin asibiti.

Ranar Laraba da yamma takardar ta fito, aka sa jana'iza washegari bayan azahar. Da na faɗa mata sai ta ce, "Abu ɗaya nake so a wurinka. Ba shi da ɗan'uwa namiji a can. Kai za ka shiga kabarin ka karɓi abokin naka, kada baƙon hannu ya kwantar min da shi." Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Na ce mata in sha Allahu da hannuna zan kwantar da shi.

A daren ne dusar ƙanƙara ta sauko, ta kwana tana zuba. Kafin gari ya waye an soke jirgin ƙasan da na yi niyyar hawa, shi ya sa na buga wa injiniya ƙofa. Shi a Finland ya yi karatu shekara da shekaru, kuma bai taɓa bari a manta ba. Da ya buɗe bayan motarsa na ga shebur, da barguna, da buhun yashi, da fulas ɗin shayi, ga tayoyin hunturu ya sa tun watan jiya. Na ce, "Malam, Birmingham za mu ko hijira?" Ya ce shi ba motarsa yake tsoro ba, motocin mutane yake tsoro.

Unguwarmu ta yi fari fat. Manyan shagunan sari duk a rufe, wata bas ta karkace a kwana an kashe ta an tafi. Na ga wani Bature yana haƙo motarsa da abin kwasar shara, matarsa na taya shi da tiren kicin. Wani ɗan'uwanmu kuma ya fito da butar ruwan zafi zai kwara wa gilashin mota, injiniya ya leƙa ta taga ya daka masa tsawa, don ruwan zafi tsaga gilashi yake yi. Ko motar watsa gishirin narkar da ƙanƙara ɗaya ba mu gani ba har muka hau babban titi.

Tafiyar da ba ta cika awa biyu ba ce a ranar lafiya. Da farko muna tafiya, ko da yake tafiyar hawainiya. Muna wuce garin Stoke sai komai ya tsaya cik. Wasu tireloli ne suka kasa hawa wani ɗan tudu, ɗaya ta gitta ta tare hanya, motocin kwashe dusar kuma suna can bayanmu, su ma layin suke bi. Motar injiniya da tayoyinta na musamman ta tsaya daidai da ta kowa.

A nan raina ya ɓaci. Na ce wai ƙasar da ta taɓa mulkin rabin duniya, abin da bai kai gwiwa ba shi ya durƙusar da ita haka? Injiniya ya zuba mana shayi ya fara lacca. Ya ce a Finland wannan ko hira ba za a yi a kanta ba. Kafin ka farka an share titi, doka ce ka sauya taya in sanyi ya shigo, yara ƙanana ma makaranta suke tafiya a ciki. Amma ya ce kada in zalunci mutanen nan. Can rabin shekara suke yi da ita, dole su sayi injina. Nan kuwa sai a yi shekaru ba ta yi irin wannan zubar ba, ƙaramar hukuma na ganin ya fi sauƙi a rufe makarantu a ba mutane haƙuri. Na ce ashe dai halinmu ɗaya da su, mu ma kowace damina sai ruwa ya ci gidaje sannan a tuna da yasar kwata. Gaskiya ya faɗa, amma ni ba gaskiya nake nema ba a lokacin. Agogo nake kallo.

Wajen hantsi Inna ta kira ta ce mun isa? Na ce ƙanƙara ce ta tare mu a hanya. Ta ce, "To ku samu wuri ku fake mana, ai ba ta daɗewa. Yanzu za ta ɗauke." Sai na gane abin da take gani a ranta. Ƙanƙarar da Inna ta sani ita ce mai faɗowa da ruwan farkon damina kamar tsakuwa, ta yi ƙara a kan kwano, yara su tsinta suna tsotsa, kafin tukunya ta tafasa ta narke. Na ce ba irin wannan ba ce, dusar ƙanƙara ce, mai laushi kamar gari. Ta ce, "Dusa? Yanzu dusa ce za ta hana mota tafiya?" Injiniya ya juya kai yana danne dariya, ni kuwa hawaye ne suka zo min. Ina da Hausa cike da baki, amma na rasa kalmar da zan nuna wa tsohuwar nan abin da ke gabana.

Da ƙyar muka ja jiki zuwa wurin hutawar matafiya na gefen titi. Ciki ya cika maƙil, mutane zaune a ƙasa da yara da karnuka. Abinci mai zafi ya ƙare, sai burodi mai sanyi da kifin gwangwani a ciki, shayin kuma kuɗinsa ya isa kwanon abinci a unguwarmu. Wata tsohuwa Baturiya da ta ga idona ta miƙo min biskit, ba ta tambaye ni komai ba. Muka raɓa wani lungu muka yi azahar.

Ina sallamewa wayar dattijon da ke jagorantar jana'izar ta shigo. Ya ce an yi salla. Ma'aikatan maƙabarta sun ce saboda yanayi da wuri za su kulle, an riga an haƙa kabari, in ba a zo yanzu ba kuma ba su da tabbacin wata rana sai mako mai zuwa. Ya ce ya san maganar da ke tsakanina da mahaifiyar marigayi, shi ya sa ya kira. Su jira ni?

Wallahi ban taɓa jin nauyin tambaya irin wannan ba. In na ce a jira, na cika alkawari, amma ya ƙara kwanaki a ɗakin da ke hana Inna barci. Na ce, "Baba, kada ku jira kowa. Ku kai shi." Na fita waje na tsaya cikin sanyin nan na yi kuka mai isata.

Dab da magariba muka shiga Erdington. Babban titin da kullum ba a samun wurin taka ƙafa ya zama kamar an yi shara. Muka yi wa matarsa da 'ya'yansa gaisuwa. Aka kawo tuwo da miyar kuka, na kasa kai loma. A nan na sadu da wanda ya shiga kabarin a madadina, wani maƙwabcinsu ɗan Somaliya, direban tasi, wanda ya ce marigayi ne ya yi ta ɗawainiya da mahaifinsa lokacin da yake jinya. Washegari da safe shi ya raka mu maƙabarta. Ba don shi ba da ba mu gane wurin ba, don dusar ta sake zuba da dare ta shafe komai, sabon kabari da tsoho duk ɗaya. Muka yi addu'a yatsunmu na ƙagewa.

A dawowa ruwan sama ya sauko, farin nan duk ya koma caɓi, titi ya buɗe kamar ba a yi komai ba. Kafin shayin fulas ya huce mun shigo Manchester, kuma wannan saurin ya fi tsaiwar jiya yi min ciwo. Abin da tafiyar ta koya min shi ne shirin mutum ɗaya ba ya fitar da shi in ƙasar da yake ciki ba ta shirya ba. Na kuma gane cewa mu da muka zaɓi zama a nan muna ɗaukar wa iyayenmu alkawura da lissafin gida, alhali hanya da yanayi da maƙabarta duk ba a hannunmu suke ba.

Na san an sanar da Inna an rufe shi, amma ba a faɗa mata wa ya karɓe shi ba. Ina shiga gida na kira ta na faɗa mata komai, har da cewa da bakina na ce kada a jira. Sai ta tambaya ko mutumin musulmi ne, na ce musulmi ne. Ta sa masa albarka, ta ce ni ma na yi daidai. Sannan ta ce, "Wannan dusar taku, har kan kabarin ta zuba?" Na ce ta zuba. Ta ce, "In ka koma ka share masa ita. Tun yana yaro ba ya son sanyi."

Na ce to, Inna. Ban iya faɗa mata cewa a nan hunturu ko rabi bai yi ba.